Akushin Tsohuwa da Kunun Yaro

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7
A ƙara da: Littafin Firistoci 19:9-10, 1 Timoti 5:3-16, Yakubu 2:14-17

Gunaguni a Urushalima

Gunaguni na fari da Littafi Mai Tsarki ya faɗa mana an yi a cikin ikilisiya, a kan abinci aka yi shi. Bari mu duba yadda abin ya faru.

A kwanakin nan masu bi suna ta ƙaruwa a Urushalima, amma kashi biyu suke. Akwai 'yan ƙasa masu magana da harshen gida, akwai kuma Yahudawan da suka girma a ƙasashen waje, bakinsu ya fi sabawa da Helenanci. Kowace rana ikilisiya takan raba abinci ga gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu. Sai masu Helenanci suka ga ana tsallake nasu gwauraye. Suka fara gunaguni.

Ku lura, Luka bai ce wani ya saci abincin ba. Bai ce an ƙi matan nan da gangan ba. Abin da ya nuna mana shi ne, ba a kula da su ba. Mai rabo yakan tuna da wadda ya sani, wadda ya san ƙofar ɗakinta, wadda suke jin harshen juna. Baƙuwa kuwa sai ta kwana da yunwa, alhali ba wanda ya nufe ta da mugunta.

Manzanni ba su tsawata wa masu gunaguni ba. Ba su ce musu su yi haƙuri su yi addu'a kaɗai ba. Suka tara jama'a duka, suka ce a zaɓi mutum bakwai waɗanda ake shaidarsu, masu cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Jama'a suka zaɓi Istifanas, da Filibus, da Burokoras, da Nikanar, da Timan, da Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya. Dukan sunayen nan bakwai na Helenanci ne. Da alama ikilisiya ta miƙa mudu ga ɓangaren da ya yi kuka. Manzanni suka yi addu'a, suka ɗora musu hannu, kamar yadda ake yi wa mai tafiya aikin bishara.

Ashe rabon tuwo aiki ne mai bukatar Ruhu Mai Tsarki? Haka manzanni suka gani. Istifanas, wanda ya fara ba da ransa saboda sunan Yesu, a wurin rabon abinci muka fara saduwa da shi.

Wa ake tsallakewa a wurinmu?

'Yan'uwa na Sae Sabuwa da ƙauyukan Gidan Rumji, da na wajen Agiye da Gazawa, kun san yadda shekara take tafiya. Da kaka rumbu yakan cika, ko ya yi rabi. Da rani samari da magidanta sukan tafi ci-rani, waɗansu Maraɗi, waɗansu Katsina ko Kano, waɗansu har Agadas. Kafin ruwa ya zauna hatsin gidaje da yawa ya ƙare. Daga watan Yuni zuwa Satumba mutum yana noma da ƙarfinsa duka, cikinsa kuwa rabi. A watannin nan ne kuma zazzaɓin cizon sauro yake tashi.

Mai ƙarfi yana da dabara. Ya yi ƙwadago a gonar wani, ya sayar da akuya, ya ci bashi. Mace mai ƙarfi ta shiga daji ta ɗebo tafasa da yaɗiya da jiga. Amma akwai mutum biyu waɗanda ba su da ko ɗaya cikin dabarun nan.

Na fari tsoho ne ko tsohuwa wanda ƙafa ta ƙi. Ido ya dushe, baya ya lanƙwashe, ba ta iya riƙe taɓarya, ba ta iya jan guga. Ɗanta ya tafi ci-rani bai dawo ba, ko kuwa 'ya'yanta mata duka suna aure a waɗansu garuruwa. Wata ma ba ta taɓa haihuwa ba. Wata kuwa tun ranar da ta karɓi Yesu danginta suka janye hannu. Ba ta zuwa sujada, gama ba ta iya tafiya. Da yake ba a ganinta a majami'a, sannu-sannu sai a daina tunawa da ita. Ko an ba ta tiyar gero, wa zai surfa, wa zai daka, wa zai kawo ruwa da itace? Gero a ƙwarya ba abinci ba ne ga wadda ba ta iya daka.

Na biyu ƙaramin yaro ne, daga wata shida zuwa shekara biyu ko uku. Ba ya iya cewa yana jin yunwa. Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa gaba ɗaya. Uwa ta tafi gona tun safe ta bar shi da yayarsa 'yar shekara bakwai, da ƙwaryar fura wadda ruwa ya fi gari yawa. Ya sha ya cika ciki, amma jiki bai sami abin gini ba.

Akwai kuma baƙi. Tun shekarar 2019 dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda 'yan bindiga, suka shigo ƙasar Gidan Rumji. An zaunar da waɗansu a Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori, waɗansu kuwa suka watsu cikin ƙauyuka. Akwai Fulani da Buzaye a bakin gari, waɗanda ba ma zuwa bikinsu, ba su zuwa namu. In za a tsallake wani a rabonmu, daga cikin irin waɗannan za a fara, kamar yadda aka yi a Urushalima.

Abin da shekarun yunwa suka nuna

Dattawanmu suna tunawa da yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanen Maraɗi suka sa wa suna El-Buhari, gama a lokacin ne gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, hanyar hatsi da ta ci-rani ta toshe. A shekarar nan mishan na SIM, wanda ya fara aiki a Nijar tun 1924 a Damagaram, ya raba hatsi a ƙauyuka kusan 100 na ƙasar Maraɗi. Tsarin shi ne abinci a bakin aiki. Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya roƙi manoma su bar tohon kututture a gonakinsu, su rage rassa su bar masu ƙarfi su girma. Wannan ne aka kira sassabin zamani. Da rabon abinci ya ƙare, mutane da yawa suka sare itatuwan. Waɗansu kuwa suka bar nasu, suka ga gona ta yi kyau, ga itacen wuta, ga abincin dabbobi. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin aka ƙiyasta gonakin da itatuwa suka dawo a Nijar sun kai kadada miliyan 5. Gawo da kalgo da sabara da kuke gani a gonaki yau, da yawansu daga nan suka samo asali.

Mun gode wa Allah saboda aikin nan. Amma ku yi tunani: abinci a bakin aiki na mai iya aiki ne. Tsohuwar da ba ta iya fita ƙofar ɗakinta, sai in wani ya ɗauka ya kai mata.

Sai kuma shekarar 2005. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a waɗansu wurare. Buhun gero wanda aka saya wajen jika 10 da kaka ya kai wajen jika 30 a tsakiyar damina. Abin mamaki, akwai hatsi a kasuwar Maraɗi, sai dai talaka ba shi da abin saye. Ƙasar Maraɗi da ake kira rumbun Nijar, a nan ne aka fi samun yara masu tamowa. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ta kuma yi shekaru bayan haka tana aiki a ƙasar Gidan Rumji.

Me muka gani a nan? Yunwa tana iya shiga gida ko da akwai hatsi a gari. Taimakon waje kuma yakan zo, amma sau da yawa yakan zo a makare, yakan kuma tashi in lokacinsa ya cika. A 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli, aka sake rufe iyaka har watan Maris na 2024, abinci ya yi tsada. Motar agaji tana tsayawa a dandalin gari ne. Wanda ya san bukkar da ke bayan rumbuna, inda wata tsohuwa take kwance, maƙwabci ne.

Nauyin wa ne?

Wani zai ce, “To, ikilisiya ta ɗauka.” A yi hankali. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti a kan wannan, maganarsa kuwa tana da zafi. Ya ce gwauruwa mai 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara ɗaukar nauyinta, su sāka wa iyayensu wahalar da suka yi. Ya ce mai bi wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya yi musun bangaskiya, marar bi ma ya fi shi. Dalilin da ya bayar shi ne don kada a nawaita wa ikilisiya, ta iya taimakon waɗanda ba su da kowa. Ubangiji Yesu ma ya tsawata wa Farisiyawa a Markus sura 7, gama sukan bar mutum ya ce dukiyarsa ta Allah ce don ya kauce wa taimakon iyayensa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in mahaifiyarka tana kwana da yunwa kai kuwa kana sa baiko mai yawa ran Lahadi don a gan ka, baikon nan bai gamshi Allah ba. Kai da ke birni kana da waya a hannu, aika kuɗi gida ba shi da wuya yanzu. Aikin fari na dattawan ikilisiya shi ne su nemi 'ya'yan tsohuwa su yi musu magana a asirce. Amma kada a bar tsohuwar da yunwa ana jiran ɗanta ya tuba. A ba ta abinci yau, a yi magana da shi gobe.

Allah ya sa rabon matalauci a cikin gona tun zamanin Musa. A Littafin Firistoci sura 19 ya hana Isra'ilawa girbe gona har gefenta, ya hana su komawa su tsince abin da ya zuba. A Maimaitawar Shari'a sura 24 ya ce ko dami aka manta a gona kada a koma ɗauka, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Mu ma mun san kala. Amma ku tuna da labarin Rut. Na'omi tsohuwa ce, ba ta je gonar Bo'aza ba. Rut ce ta yi kala tun safe har yamma, ta sussuka, ta ɗauka ta kai gida, har ragowar abincin ranar da ta ci ta kai wa surukarta. Shari'a ta bar hatsi a gona, amma sai da aka sami ƙafar da za ta kai shi ɗakin Na'omi. Rut kuwa baƙuwa ce, mutuniyar Mowab.

Mu yi lissafi

Mutane sukan ce, “Mu kanmu ba mu da shi.” Gaskiya ne masu bi a ƙasarmu kaɗan ne, yawancinmu kuma talakawa ne. Amma bari mu auna abin da mudu, kada tsoro ya auna mana.

Tiya ɗaya ta gero takan kai tsoho ɗaya wajen kwana 5. Watanni huɗu na wahala kwana 120 ne. Wato tsoho ɗaya yana bukatar tiya 24. A ce a ƙauyenku akwai tsofaffi 10 waɗanda ba su da kowa. Tiya 240 ke nan, buhu 6, tun da buhu yakan ci tiya 40. A ce ikilisiyarku gida 30 ce. Kowane gida tiya 8 ya hau kansa. Tiya 8 a watan Agusta abu ne mai nauyi ƙwarai. Tiya 8 a watan Oktoba, lokacin da dammuna suke jibge a gona, ba ta fi abin da kaji da ɓeraye suke ci ba.

Ga asirin a nan: a tara da kaka. Yusufu bai jira shekarun yunwa ba, a shekarun ƙoshi ya karɓi kashi ɗaya cikin biyar ya ajiye (Farawa 41). Ran godiyar kaka, bayan an keɓe na fasto da na aikin bishara, a keɓe na gwauraye da marayu dabam, a faɗa a gaban jama'a. A gina masa rumbu nasa. Gero a zangarniya ya fi daɗewa, kun sani. A tara wake da gyaɗa kuma, a adana waken da kyau saboda ƙwari. Wanda ba shi da hatsi ya ba da ƙarfinsa: in ikilisiya ta sami gona ko ta aro, a yi mata gayya.

Sa'an nan a zaɓi mutane. Ba lalle su zama bakwai ba, amma kada su gaza uku, kada kuma su fito gida ɗaya. A sa mata a ciki, gama su ne suke shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga, su ne suka san wadda tukunyarta ba ta hau wuta ba jiya. A ganina kada fasto ya riƙe mabuɗin rumbun nan. Ba don ana zarginsa ba. Manzanni ma sun sauke wannan kaya daga kansu don su lizimci addu'a da Magana. Ranar da aka hana wani hatsi, in fasto ne ya hana, mutumin ba zai ƙara jin wa'azinsa ba.

Matanmu sun riga sun san irin wannan tsari. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a ƙasar Maraɗi a 1991, ba sa buɗe asusunsu sai a gaban kowa, ana ƙirgawa da ƙarfi kowa yana ji. Haka ya kamata a yi da hatsin Ubangiji. A sami littafi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma ikilisiya da yawa sun rabu saboda buhu guda wanda ba a san inda ya shiga ba.

Abu ɗaya kuma zai zo, ku shirya masa. A watan Yuli wani dattijo mai daraja zai zo ya ce a ba shi rance daga rumbun, zai biya da kaka. Bukatarsa gaskiya ce. Amma in aka ba shi, gobe mutum biyar za su zo. Ku yanke shawara tun da kaka, a gaban kowa, cewa rumbun nan ba na rance ba ne. Mai neman rance a nuna masa bankin cimaka in akwai a garin, ko 'yan'uwa su taimake shi daga nasu.

Yadda za a kai akushi

A Ingila, a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, waɗansu mata masu aikin sa kai suka fara kai dafaffen abinci gidajen waɗanda ba su iya dafa wa kansu. A 1954 aka fara irinsa a birnin Filadelfiya na Amurka. Suna kiran aikin Meals on Wheels, wato abinci a kan ƙafar mota. Mu ba mu da mota, ba ma kuwa bukatarta. Muna da abin da ya girme wannan: ciyayya. Tun kakanninmu akushi yana fita daga gida zuwa gida da maraice, ba wanda yake tambayar dalili.

Wannan al'ada ce za ta rufa wa tsohuwa asiri. Mutanenmu suna da kunya. Wani dattijo ya gwammace ya mutu a ɗaki da a kira sunansa a majami'a a ce ya zo ya karɓi taimako. Yesu ya ce sadaka a ɓoye ake yinta (Matiyu 6:1-4). Saboda haka a sujada a karanta yawan tiyoyi, kada a karanta sunaye. Kada a ɗauki hoton kowa da akushi a hannu.

Zumuntar Mata ta raba kwanaki. Kowace tsohuwa a ba ta gidaje biyu ko uku na kusa da ita. A auna wa gidajen nan hatsi daga rumbu kowane mako, mai girki ta ƙara a tukunyarta, in ta kwashe ta zuba na tsohuwa tun da fari, kada ya zama ragowa. A tuna haƙora sun zube. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, kunu da safe, fura da aka dama da kyau, wake da ya nuna sarai. A duba randa. Tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba, a bazara kuwa rashin shan ruwa yana kayar da su. Samari su ɗauki aikin ruwa da itace, da gyaran jinka kafin ruwan fari.

Kada kullum a aiki yaro da akushi. Ke da kika dafa, ki je da kanki ko sau biyu a mako. Ki zauna, ki ce, “Inna, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?” Ki jira ta ci a gabanki. Tsohuwa takan ɓoye tuwon ta ba jikokinta, ko kuwa ta kasa ci saboda ciwon da ba ta faɗa wa kowa ba. Zumunta a ƙafa take. In mai bi ce, ki karanta mata aya, ku yi addu'a, ki faɗa mata abin da aka yi wa'azi a kai. Dattawa kuma su riƙa kai mata Jibin Ubangiji. In ta mayar da akushi da 'yar gyaɗa ko garin kuka a ciki, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya. Kada ki ce, “Haba Inna, ki bar abinki.” Da wannan 'yar gyaɗa take riƙe da mutuncinta.

Kunun yaro

Na yara yana bukatar sani kaɗan, gama ƙauna marar sani tana iya yin ɓarna.

Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa kaɗai ya isa, ko ruwa ba a ba jariri. Taimakon jariri a wannan lokaci shi ne a ciyar da uwarsa. Daga wata shida a fara ƙara abinci, a ci gaba da nono har shekara biyu. Kunun gero zalla bai isa ba. A kan ludayi uku na garin gero a sa ludayi ɗaya na garin wake da aka soya, ko na gyaɗa ko ƙuliƙuli, da ɗan mai, da garin zogale wanda aka shanya a inuwa. Kunun ya yi kauri, kada ya zama ruwa. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, tana da dafi. A ba yaro kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, a ƙwaryarsa shi kaɗai, gama in ya sa hannu tare da yayyensa ba zai sami kome ba. A wanke hannu da sabulu kafin a dama da kafin a ba shi.

Mata uku ko huɗu suna iya dama irin kunun nan a gida ɗaya da safe, a watannin wahala, uwaye su kawo yaransu kafin su tafi gona. Uwa ta taya aiki, ta ga yadda ake yi, gobe ta yi a gidanta.

Amma ku ji wannan da kyau. Akwai yaron da kunu ba zai cece shi ba. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan maɗauri mai launi uku da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. In ya nuna rawaya, yaron yana bakin haɗari. Ku roƙi ma'aikacin lafiya ya koya wa matan zumunta yadda ake awon, ba shi da wuya, uwaye da yawa a Nijar sun koya. In ƙafafun yaro biyu sun kumbura, kika danna da yatsa kika ga rami ya zauna, ko ya ƙi cin kome, ko zawo da zazzaɓi sun haɗu masa, a kai shi gidan likita a ranar, ko na Sae Sabuwa ko wanda ya fi kusa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa dokar jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sau da yawa abin da yake hana uwa tafiya shi ne kuɗin babur, da wanda zai riƙe mata sauran yara da gona. Wannan kuwa ikilisiya tana iya yi.

A can za a ba yaron abincin nan na leda da ake kira Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Da gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki ake yinsa. Magani ne, an ƙirga shi daidai da nauyin yaro. Mai raba shi ga sauran yara yana rage wa marar lafiya. Mai sayar da shi a kasuwa kuwa, ran yaro yake sayarwa. Kada a sami mai bi a cikin wannan ciniki, ko mai saye ko mai sayarwa.

Maƙwabtanmu fa?

Bulus ya ce mu yi wa dukan mutane alheri, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba (Galatiyawa 6:10). To, mu fara da na cikin gida, amma kada mu tsaya nan. Yawancin tsofaffin da ke kwance a ƙauyukanmu Musulmi ne, waɗansu ma iyayenmu ne da gwaggwanninmu. Maƙwabtanmu suna fid da zakka da kaka, suna ba da sadaka, sau da yawa kuma akushinsu ya shigo gidajenmu. Kafin ku fara, ku je ku gai da mai gari ku faɗa masa nufinku. Ku tambaye shi, shi da liman, su wa suka sani ba su da kowa. Za su faɗa muku sunayen da ba ku sani ba.

Kada kuwa abinci ya zama ƙugiya. Kada a ce wa kowa, “Zo sujada ka samu.” Kada a tara yaran mutane a koya musu abin da iyayensu ba su yarda ba saboda kofin kunu. Wanda ya bi don tuwo, ranar da tuwo ya ƙare zai koma, ya bar garin yana cewa Kirista suna sayen mutane. Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar bai tambayi ko ɗaya abin da ya gaskata ba, washegari kuma ya faɗa musu a fili cewa saboda gurasa suke nemansa (Yahaya 6). In tsohuwa ta tambaye ki dalilin da kike wahala dominta, ki faɗa mata gaskiya, saboda Yesu ne. In ba ta tambaya ba, ki ɗauki akushinki, gobe ki sake kawowa.

Domin tattaunawa a gida

Bayan addu'ar dare, maigida ya tambayi iyalinsa: Wane tsoho ne a unguwarmu muka yi wata guda ba mu gani a waje ba? Wa yake ɗebo masa ruwa? Wane yaro ne muka ga gashinsa ya yi ja, ko ya daina wasa? A bar yara su amsa, sun fi manya shiga gidaje. Sunayen da kuka samu, kada ku faɗa a waje. Ku kai wa dattawan ikilisiya ran Lahadi, tare da yawan tiyoyin da gidanku zai iya bayarwa da kakar bana.